Tsofaffin Ƙasusuwa da Tambayar Asalin Mutum

Yaranmu suna koyon darasin juyin halitta a makarantar sakandare, sa'an nan su kawo tambayoyinsu gida da makarantar Lahadi. Wanda zai amsa musu yana bukatar ya san abin da aka tono daga ƙasa, da inda aka tono shi, da abin da masana suke faɗa a kansa. Da yawa daga cikin ƙasusuwan nan a Afirka aka same su, waɗansu ma a maƙwabtanmu, Cadi da Nijar.

Mene ne burbushin halitta?

Idan dabba ta mutu, yawanci jikinta yakan ruɓe ya ɓace. Amma in laka ko yashi ko tokar dutse mai aman wuta ta rufe ta da wuri, ma'adinan da ke cikin ruwan ƙasa sukan shiga ƙashin a hankali har ya taurare kamar dutse. Wannan shi ake kira burbushin halitta. Yana iya zama ƙashi, ko haƙori, ko sawun ƙafa. Da wuya hakan ke faruwa, shi ya sa abin da aka samu kaɗan ne ƙwarai, kuma sau da yawa gutsattsari ne.

Yadda ake ƙiyasta shekaru

Ƙasa takan taru hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Ban da wannan, akwai sinadaran da suke rikiɗa da sauri sananne. Kabon-14 yakan ragu da rabi a cikin shekara 5,730, saboda haka yana da amfani ga abin da bai wuce kimanin shekara 50,000 ba. Ga abin da ya fi haka tsufa, akan auna wasu sinadarai a cikin tokar aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin. Kowane awo yana da tazarar kuskure, don haka masana sukan ce "kimanin".

Tumai na ƙasar Cadi

A watan Yuli na 2001, ayarin masu bincike na Cadi da Faransa ƙarƙashin Michel Brunet suna aiki a hamadar Jurab a arewacin Cadi. Wani ɗan Cadi a cikinsu, Ahounta Djimdoumalbaye, ya ga ƙoƙon kai a cikin yashi. Aka ba shi suna Tumai, wato "begen rayuwa" a harshen Goran. An ƙiyasta shekarunsa kimanin miliyan 7.

Ƙwaƙwalwar Tumai ƙarama ce, daidai da ta birin cimfanzi. Amma fiƙoƙinsa gajeru ne, kuma ramin da lakar baya ke bi ta shiga ƙoƙon kai ya matso gaba, kamar na mai tafiya a tsaye. Wannan ya sa Brunet ya ce Tumai yana cikin zuriyar da ta kai ga mutum. Waɗansu masana ba su yarda ba, suka ce wani irin tsohon biri ne. Har yau ana gardama a kan ƙashin cinyar da aka samu a wurin. Tare da shi an tono ƙasusuwan kifi, da kada, da dorina, da dangin giwa, abin da ya nuna akwai tafki a inda yau babu kome sai rairayi.

Lusi da sawun ƙafa na Laetoli

A 1974 Donald Johanson ya sami ƙasusuwan wata halitta a Hadar, ƙasar Habasha, kusan kashi 40 cikin 100 na dukan jikinta. Ita ce aka sani da suna Lusi. Tsawonta ya ɗan wuce mita 1, shekarunta kimanin miliyan 3.2. Ƙugunta da gwiwarta sun nuna da ƙafa biyu take tafiya, ko da yake ƙwaƙwalwarta ƙarama ce. A 1978 ayarin Mary Leakey ya gano sawun ƙafafu a cikin toka da ta daskare a Laetoli, Tanzaniya, na kimanin shekara miliyan 3.6. Daga waɗannan masana suka ɗauka cewa tafiya a tsaye ta riga girman ƙwaƙwalwa.

A 1984 Kamoya Kimeu, ɗan Kenya, ya sami ƙasusuwan wani yaro kusa da Tafkin Turkana, na kimanin shekara miliyan 1.5. Daga wuya zuwa ƙasa jikinsa ya yi kama da namu sosai. Ƙasusuwa mafi tsufa da ake dangantawa da irinmu su ne na Jabal Irhud a Maroko, kimanin shekara 300,000. A Nijeriya kuwa, Thurstan Shaw ya tono ƙoƙon kan mutum a Iwo Eleru, jihar Ondo ta yanzu, a 1965, mai kimanin shekara 13,000.

Dabbobin da suka ƙare

Gadufawa a yankin Agadas na Nijar tana cikin wurare mafi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. A can aka sami Nigersaurus, mai cin ganye, da haƙora fiye da 500, da kuma Sarcosuchus, dangin kada da tsawonsa ya wuce mita 9. Sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A yankin Goronyo na jihar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai jan ciki, aka sa mata suna Goronyosaurus, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wannan ƙasa. Bisa lissafin masana, dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tun da daɗewa kafin Tumai da sauran ƙasusuwan dangin mutum da aka ambata a sama.

Abin da ra'ayin juyin halitta yake faɗa

Charles Darwin ya bayyana ra'ayin a 1859: 'ya'ya sukan bambanta kaɗan da iyayensu, waɗanda suka fi dacewa da wurin zamansu sukan fi rayuwa su haihu, a kan dogon lokaci kuwa ƙananan canje-canje sukan taru. Masana ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani yau ba. Abin da suke cewa shi ne mutum da cimfanzi suna da tushe ɗaya da ya rabu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Kusan dukan masana ilimin halittu sun karɓi wannan. Gardamarsu a kan wane ƙashi ne ke kan wane reshe take.

An taɓa yin zamba a wannan fage. Ƙoƙon kan Piltdown da aka nuna a Ingila a 1912 haɗi ne na kan mutum da muƙamuƙin biri. Masana ne da kansu suka tona asirinsa a 1953. Zamba ɗaya ba ta mai da sauran ƙasusuwan ƙarya ba.

Yadda Kirista suke duban batun

Masu bi ba su da baki ɗaya a nan. Waɗansu suna ɗaukar kwanaki shida na Littafin Farawa a matsayin kwanaki na sa'a 24, suna ganin duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, don haka ba su yarda da lissafin shekarun nan ba. Waɗansu sun yarda duniya ta tsufa ƙwarai, amma suna riƙe cewa Allah ya halicci mutum dabam. Waɗansu kuma suna ganin juyin halitta hanya ce da Allah ya yi aiki da ita. Tun ƙarni na 5 Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya gargaɗi masu bi kada su yi maganar rashin sani a kan al'amuran duniya da sunan Littafi Mai Tsarki, don kada masu ji su rena bangaskiyar.

Dukansu sun yarda Allah ne Mahalicci, mutum kuma yana ɗauke da siffarsa. Ƙashi yana iya nuna tsawon halitta, da abincinta, da yadda take tafiya. Ba ya iya faɗin dalilin da ya sa muke raye, ko abin da ke daidai da abin da ba daidai ba. Idan yaro ya kawo tambaya, iyaye da malamai su gaya masa abin da aka samu yadda yake, su nuna masa inda masana suka yarda da inda suke gardama, su kuma bayyana masa abin da ikkilisiyarsu take koyarwa da dalilinta. Yaron da aka gaya wa ƙasusuwan nan ƙage ne, ranar da ya gan su da idonsa a gidan tarihi na Yamai, zai fara shakkar sauran abin da aka koya masa.