Sarakuna, Talakawa da Ɓarayi: Yadda Na Karanta Tarihin Zazzau Daga Ikara

Wanda duk ya tashi a Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, ya san cewa ƙasarmu ta fi shahara da rake da barkono fiye da shiga littafi. Da na karanta Government in Zazzau na M. G. Smith, wanda ya fito a 1960, na sami bayani mai gamsarwa game da gidajen sarauta huɗu na Zariya: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Na ga yadda masu riƙe da garuruwa suke zaune a birni, jakadu na kai musu haraji, har Turawa suka tilasta wa hakimai fita zuwa gundumominsu. Aiki ne na gwani. Sai dai manomin da ya biya harajin ba ya magana a ciki. Ana ƙidaya shi ne kawai.

Matar marubucin, Mary Smith, ita ta cike wannan giɓi da Baba of Karo a 1954. Tsohuwa ce ta zauna a Giwa tana ba da labarin ƙuruciyarta a yankin Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau, wato maƙwabtanmu na kusa. Harin kamun bayi, kuɗin fansa, zaman rinji, aure da saki, duk daga bakin mace. A ganina shafi guda nata ya fi jerin sunayen sarakuna goma sanar da mutum yadda tsoro yake.

Daga nan na koma tarihin rayuwar masu gwagwarmayar 'yanci. Alan Feinstein ya rubuta na Malam Aminu Kano a 1973, amma na Hajiya Gambo Sawaba ya fi taɓa ni. An haife ta a 1933, ta shiga NEPU tana yarinya, an ɗaure ta sau 16, an yi mata bulala. Cikin abubuwan da take nema har da mace ta jefa ƙuri'a, kuma matan Arewa ba su shiga babban zaɓe ba sai 1979, shekara 20 bayan 'yan'uwansu na Kudu. Aibin irin waɗannan littattafai shi ne yabo yakan yi yawa, har gwarzon ya zama kamar ba ya tuntuɓe.

Labaran ta'addanci ba su da wannan kunya. Malamai da yawa suna ɗaukarsu abin kashe lokaci, ni kuwa ina ɗaukarsu shaidu. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya nuna abin da yaƙin basasa ya bari: bindiga a hannun wanda ba shi da aiki, da tabar wiwi, da Maguzawa waɗanda littattafan sarauta suka tsallake, alhali ga su nan muna cin kasuwa ɗaya da su. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya bi sawun fasa-ƙwauri da cin hanci. Mailoma na Gagare mugu ne, ba na yi masa uzuri, amma a hannunsa na fara ganin ƙauye irin namu ya zama tsakiyar labari.