Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Asali, Sana'a da Wariya a Tarihin Damagaram

A ƙasar Damagaram, tun daga birnin Zinder har zuwa garuruwan gundumar Mirya irin su Hamdara, ba a cika ɗaura aure ba sai an yi bincike, kuma binciken ba ya tsayawa a kan halin yaro da hanyar cin abincinsa, domin iyaye kan so su san ɗan gidan wane ne, da sana'ar da kakanninsa suka yi, da kuma ko akwai bauta a tushensa. Masu riƙo da wannan al'ada suna kafa hujja da karin maganar nan da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, wato zaman kowa da tsaransa shi ya fi ƙarko. Masu sukarta kuwa suna ganin ba ta da maraba da wariyar launin fata, wadda ita ce aƙidar da ke raba 'yan Adam gida-gida bisa halittar jiki da haihuwa, ta ɗora wasu a kan wasu, sannan ta mayar da wannan rabon dalilin tauye haƙƙi. Ba za a iya raba gardamar ba sai an koma ga tarihin daular, an ga inda matsayi ya samo tushe a cikinta, da ƙofofin da yake buɗe wa mutum, da waɗanda yake rufe masa.

Gidan sarautar Damagaram ya taso ne a farkon rabin ƙarni na 18 daga wani malami mai tushen Barebari, wanda zuriyarsa ta daɗe tana bin Borno tana kai mata gaisuwa. Wajen shekarar 1812 Sarki Sulaimanu ya mayar da Zinder mazaunin mulki, kuma a zamanin ɗansa Tanimu, wanda ya rasu a 1884, daular ta kai ƙololuwar ƙarfinta: an kewaye Birni da ganuwa, an ƙera igwa a cikin gari, an tara bindigogi, an kuma shigar da ƙananan masarautun Sosebaki kamar Mirya da Wacha da Dungas ƙarƙashin ikon Zinder. Daular da ta fito daga wannan faɗaɗawa ba ta ƙabila ɗaya ba ce, domin ta haɗa Barebari da Hausawa da Dagirawa da Fulani makiyaya da Buzaye masu ayari, ga kuma Larabawan Gadamus da Tarabulus da fatauci ya zaunar da su. Sunayen sarautun fada kamar Ciroma da Kaigama da Yarima daga Borno suka zo, amma Hausa ce ta zama harshen kasuwa, daga baya ta zama harshen fadar kanta, har jikokin Barebarin da suka kafa gidan suka wayi gari Hausa ce harshen da suka tashi da shi.

Abin da ya tsara zaman wannan jama'a shi ne matsayi. A sama akwai masu sarauta da 'ya'yansu. Kusa da su akwai malamai, waɗanda daga cikinsu ake naɗa alƙalai da limamai. Sai attajirai da fatake, waɗanda dukiyarsu ta dogara ga cinikin fata da gashin jimina da gishiri da kanwa da bayi. Sai talakawa, wato 'yantattun mutanen da ba su riƙe da sarauta, mafi yawansu manoman gero da dawa da ke biyan haraji a karkara. A ƙarshe kuma bayi. Ko fasalin birnin ya nuna wannan rabon, domin Birni shi ne mazaunin sarki da fadawa a cikin ganuwa, Zango kuwa, a wajenta, shi ne masaukin ayari da unguwar 'yan kasuwa, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna a ƙarshen ƙarni na 19. Muhimmin abin lura shi ne launin fata bai zama ma'aunin wannan jeri ba: sarkin da ke bisa karaga da manomin da ke kai masa zakkar hatsi da bawan da ke riƙe masa linzami duk kamanninsu ɗaya ne, yayin da Balaraben da ya fi su hasken fata baƙo ne mai neman kariyar sarki.

A tsakanin talakawa kansu, sana'a ce ke ƙara rarraba mutane. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi nazarin Hausawan Zazzau, ya bayyana a 1959 cewa Hausawa na bambanta sana'ar gado, wadda ake kira karda, da sana'ar shigege, wato wadda mutum ya shiga da kansa ba tare da ya gaje ta ba, kuma mai gado ya fi daraja a cikin sana'arsa ko da mai shigege ya fi shi ƙwarewa. Wannan bayani ya dace da Damagaram, inda maƙera da majema da dukawa da marina da mahauta da wanzamai da maroƙa kowa yake da sarkinsa, sau da yawa kuma da unguwarsa. Auratayya a cikin gida ɗaya na sana'a tana da dalilai na zahiri, domin asirin aiki da magungunansa da kayansa da abokan cinikinsa dukiya ce da iyali ba sa son ta fita waje, kuma matar da ta tashi a gidan jima ta san wahalar gidan tun kafin a kai ta. Amma dalilin bai tsaya nan ba, domin jama'a ta jera sana'o'in a matakai, ta sanya malanta da fatauci a sama, ta mayar da fawa da roƙo ƙasa, har ya zamana mahaucin da ya tara dukiya yana iya neman 'yar manomi matalauci a hana shi, ba don wani aibu a halinsa ba, sai don wuƙar da ubansa ya riƙe. Duk da haka katangar ba ta kai ta wasu al'ummomin Afirka ta Yamma tsauri ba, domin ɗan mahauci na iya barin gari ya yi karatu ko ya shiga fatauci, jikokinsa su tashi da sunan gidan malamai.

Katangar da ta fi wuyar tsallakewa ita ce ta bauta. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a watan Janairun 1851 a zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake kai hari ana kamo mutane domin biyan bashin fatake, har da mutanen da ke cikin ƙasar sarkin kansa, abin da ke nuna cewa rashin ƙarfi da rashin majiɓinci ne ke jefa mutum cikin bauta, ba kamanninsa ba. Bayin ma ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai wanda aka kamo ko aka sayo, wanda ana iya sayar da shi. Akwai bacucane, wato wanda aka haifa a gidan ubangijinsa, wanda al'ada ta ƙi a sayar. Akwai mai biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangijinsa domin a bar shi ya yi aikin kansa har ya tara abin fansa. Akwai kuma bayin sarki, waɗanda wasunsu suka riƙe runduna da taska da ƙofar fada, suka fi 'yantattu da yawa iko. Shari'a ta kuma tabbatar da cewa ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke mai cin gado, saɓanin dokar bautar Amurka, inda ɗa ke bin matsayin uwarsa ko da ubansa ne mai gonar. Amma iko bai taɓa goge asali ba. Bayan Faransawa sun ci Zinder a 1899, sun kuma tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, sun ɗora Ballama, wanda bawan fada ne, a kan harkokin ƙasar, sarautar ba ta koma gidanta ba sai a 1923 da naɗin Barma Mustafa. Shekarun da bawan ya yi yana zartar da hukunci ba su mayar da shi ɗan sarki a idon jama'a ba.

Inda matsayi ya fi kusantar launi shi ne a tsakanin Buzaye, waɗanda suka kasu zuwa masu mulki da ake kira imajeghen, da malamai da ake kira ineslemen, da maƙera da ake kira inadan, da bayi da ake kira iklan. Da yake yawancin bayin an samo su ne daga kudu, sai duhun fata ya riƙa tafiya tare da ƙasƙancin matsayi a tunanin mutane, ko da yake akwai baƙaƙen fata a cikin masu mulkin, musamman a Abzin. Wannan ya nuna cewa wariyar asali da wariyar launi na iya haɗuwa a wuri ɗaya, ɗaya ta zama alamar ɗaya, ba tare da wani Bature ya shigo da ita ba.

Malaman Damagaram mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma abin da mazhabar ta tanada a kan kafa'a, wato dacewar miji da mata a aure, ya fi al'adar gari sauƙi. Mashahurin ra'ayinta shi ne ana duba addinin mutum da kuɓutarsa daga cututtuka da aibobin da ke ba mace damar neman rabuwa, yayin da Hanafiyya da Shafi'iyya suka sanya nasaba da sana'a a cikin abin dubawa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta mayar da taƙawa ma'aunin ɗaukaka, kuma tarihi ya tabbatar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, wanda 'yantaccen bawa ne. Saboda haka uban da ya hana ɗan maƙeri 'yarsa alhali ya yarda da addininsa da halinsa, al'ada yake bi, ba littafin da limaminsa ke karantarwa a zaure ba.

Wariyar launin fata a matsayin doka rubutacciya ta zo ne da mulkin mallaka. A Zinder, wadda ta zama hedikwatar yankin Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, Bafaranshe ɗan ƙasa ne mai cikakken haƙƙi, ɗan gari kuwa yana ƙarƙashin dokar indijina, wadda ta ba kwamandan Faransawa ikon ɗaure shi ko cin sa tara ba tare da shari'a ba, ga kuma aikin tilas a kan hanyoyi da gine-gine. Ba a soke waɗannan ba sai a 1946. Dokar Faransa ta 1905 ta haramta cinikin bayi da bautarwa a Afirka ta Yamma, amma ba ta raba gonaki ba, ba ta kuma taɓa abin da ake faɗa a wajen neman aure ba. Makarantar boko ta ƙara sabon mataki, na ma'aikata masu albashi, waɗanda su ma suka soma neman junansu a abota da surukuta. Farin jinin da jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta samu a yankin kafin a haramta ta a 1959, kamar na NEPU a Kano, ya samo ƙarfi ne daga koken talakawa a kan sarakuna da Nasara, wato koken matsayi da na launi a haɗe.

Bayan 'yancin kai a 1960, tsarin mulki ya daidaita 'yan ƙasa, amma sai a 2003 Nijar ta sanya bautarwa cikin manyan laifuka, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙonni. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata ba ta tsaya ga launi ba, domin ta ambaci zuriya a cikin dalilan da aka hana nuna bambanci a kansu, kuma a 2002 kwamitin da ke kula da ita ya fayyace cewa wannan ya shafi duk tsarin matsayi da ake gada. A cikin Zinder kanta, unguwar Karakara, wadda aka san ta da zaman kutare da waɗanda gari ya ƙyamata, wadda kuma Aisha Maki ta yi fim a kanta a 2021, shaida ce ta yadda tabon iyaye ke bin 'ya'yan da ba su da cutar.

Daga wannan tarihi ana iya ware abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Na farko shi ne son zama da wanda hali ya zo ɗaya, mai gaskiya da riƙon amana da tarbiyya irin wadda mutum ya saba da ita. Wannan ba wariya ba ce, domin hali da ilimi da addini abubuwa ne da kowa ke iya samu ko ya rasa, kuma babu wanda ke da haƙƙin tilasta wa wani abota. Na biyu shi ne a ɗauki haihuwa a matsayin shaidar hali, a yanke hukunci cewa ɗan bawa ko ɗan mahauci ba zai taɓa zama mutumin kirki ba kafin a zauna da shi, sannan a kai wannan hukunci wajen aure da limanci da rabon gona da ɗaukar aiki. Wannan na biyun ba wariyar launin fata ba ce a ma'anar da aka sani a Amurka ko Afirka ta Kudu, tunda mai yi da wanda aka yi wa fatarsu ɗaya, amma tushensu ɗaya ne, domin duka biyun suna hukunta mutum a kan abin da bai zaɓa ba kuma ba zai iya sauyawa ba.

Don haka ma'aunin da ya kamata iyaye da malamai da masu sarauta a Damagaram su riƙe shi ne su tambayi kansu ko abin da suka ƙi a wurin mutum aikinsa ne ko kuwa kakansa. Wanda ya ƙi mashayi ko maƙaryaci ya yi amfani da haƙƙinsa, wanda kuwa ya ƙi mutumin kirki saboda an taɓa sayar da kakarsa a kasuwa ya ɗora wa wanda aka zalunta laifin zaluncin da aka yi masa, kuma babu addini ko doka da ta goyi bayan hakan.