Harshen Ƙirƙira Ma Yana da Kakanni

Da yawanmu masu rubuta labaran jarumta da masarautun da babu su a duniya mukan so mu ba mutanenmu harshensu na kansu. Sai mu haɗa baƙaƙe yadda suka zo mana a baki, mu ce ga yaren aljanu. Mai karatu kuwa ba ya ruɗuwa: da ya ji kalma uku ya san babu tushe a ƙarƙashinsu.

Ƙirƙirar harshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da zaurance, inda yara da 'yan mata kan juya gaɓoɓin kalma ko su cusa wata gaɓa a tsakani don kada a gane zancensu. Zaurance yana da doka, amma ba shi da tarihi. A Najeriya kuma Alex Igbineweka ya ƙirƙiro Guosa, ya ɗebo kalmomi daga Hausa da Yarbanci da Ibo da wasu harsunan ƙasar don ya zama harshen kowa, kamar yadda Zamenhof ya yi niyya da Esperanto a 1887.

Wanda ya fi nuna wa marubuta hanya shi ne Tolkien, malamin harshe a jami'ar Oxford ta Ingila, mai littafin The Lord of the Rings da ya fito a 1954 da 1955. Ya fara ƙirƙiro wani tsohon harshe guda, sannan ya raba masu shi gida biyu, kowane ɓangare sautinsa ya sauya bisa doka, har aka sami Quenya da Sindarin. Sautin "kw" ya zauna daram a Quenya, a Sindarin ya koma "p". Shi ya sa "kalma" take quetta a ɗaya, peth a ɗayan.

To, irin wannan yana bakinmu a Anka da Gummi da Bukkuyum. Dattawanmu suna cewa zamna, sabka, abduga, amre. Bakano ya ce zauna, sauka, auduga, aure. Namu ne tsohon lafazin. A Hausar gabas, "b" da "m" na ƙarshen gaɓa suka narke suka zama "u" a irin waɗannan kalmomi, dokar da masanin Jamus August Klingenheben ya bayyana a 1928. Haka ɗiya da muke faɗa ita ce ta taƙaita ta zama 'ya. Inda Kano ke da "f" kuma mu "h" ko "hw" muke yi: tahi, hwara.

Tarihin da zai raba masu harshe ma ba sai mun je aro ba. A shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alkalawa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ya zauna a Anka. Kudu da mu kuma ga ƙasar Zuru, inda ake C'Lela, harshen da gininsa ya sha bamban da Hausa. Yaƙi, ƙaura, maƙwabta: waɗannan su ne abubuwan da marubuci zai jera kafin ya rubuta kalma ɗaya.

Mu gwada. A ce a tsohon harshen labarinmu rijiya ita ce "kabzu", doki kuma "tamru". Birni ya faɗi, rabin mutane suka gudu bayan kogi. Bayan shekara 300 waɗanda suka gudu suna cewa "kauzu" da "tauru", na gida suna nan kan tsohon lafazi. Ranar da jarumarmu ta shiga kasuwar abokan gaba a ɓoye, ta nemi hanyar rijiya, bakinta ne zai tona mata asiri. Ga rikici ya samu daga harafi guda.

Sharaɗin kawai shi ne dokar ta bi kowace kalma mai irin wannan gini, ban da wadda aka aro daga baya. Aikin wannan mako: kowa ya kawo tsofaffin kalmomi 10, dokar sauti ɗaya, da dalilin da ya raba masu harshen. Allah ya ƙara basira.