Mahaukata 133 na Garin Worcester

A shekarar 1840 gwamnatin Amurka ta yi ƙidayar jama'a karo na shida, kuma a wannan karon ne ta fara sa ma'aikatanta su ƙirga masu taɓin hankali gida-gida. Da aka buga sakamakon sai ga abin mamaki. A jihohin Kudu, inda ake bautar da baƙaƙen fata, mutum ɗaya cikin 1,558 aka rubuta yana da taɓin hankali. A jihohin Arewa, inda suke zaune da 'yancinsu, adadin ya ninka haka kusan sau goma. A jihar Maine kuwa, can ƙuryar arewa, wai duk baƙar fata 14 akwai mahaukaci ɗaya a cikinsu. Masu bayi suka samu abin da suke nema. Ga hujja daga hannun gwamnati cewa 'yanci haukata baƙin mutum yake yi, bauta kuma ita ce lafiyarsa.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, idan muka ga alƙaluma irin waɗannan, fom ɗin da aka cike muke fara tuhuma tun kafin mu tuhumi mutanen da aka ƙirga. Wani likita farar fata a jihar Massachusetts, Edward Jarvis, da farko ya gaskata sakamakon, har ya yi rubutu a kansa a 1842. Daga baya zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya zauna ya bi takardun gari-gari. Sai ya tarar da garuruwan da babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, amma an rubuta musu mahaukata baƙaƙe. A garin Worcester an rubuta 133. Da ya bincika, ashe majinyata ne farar fata da ke kwance a asibitin ƙwaƙwalwa na jihar, aka zuba su a gurbin da ba nasu ba.

Masaniyar tarihi Patricia Cline Cohen ta nuna cewa yawancin ɓarnar daga tsarin takardar ta fito. Gurabe ne birjik a jere, na farare da na baƙaƙe kusa da juna, ma'aikaci kuma ga gajiya ga alƙalami a hannu. Idan hannunsa ya zame sau biyu a jihar da ke da bayi dubu ɗaruruwa, kuskuren ɓacewa zai yi a cikin taro. Idan ya zame sau biyu a garin da baƙaƙen fatarsa ba su wuce goma ba, shi ke nan an haukata kashi ɗaya cikin biyar na al'umma. Duk wanda ya taɓa tsara fom ya san wannan ciwo, kuma ya san maganinsa ba wuya: a kai rahoto, a gyara.

An kai rahoton. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta rubuta wa majalisa a 1844, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda a lokacin ɗan majalisar wakilai ne, ya tayar da maganar. James McCune Smith, baƙar fata na farko a Amurka da ya samu digirin likita, wanda sai da ya je Glasgow kafin ya samu jami'ar da za ta karɓe shi, ya mayar da martani da nasa alƙaluman. Amma ofishin ƙidaya yana ƙarƙashin Sakataren Harkokin Waje John C. Calhoun, mai bayi, wanda a wannan shekarar ya kafa hujja da waɗannan alƙaluma a wasiƙarsa ga jakadan Birtaniya yana kare bauta. Da aka matsa masa, sai ya ba mutumin da ya shugabanci ƙidayar aikin duba ko akwai kuskure. An ba kura ajiyar nama. Ba a taɓa gyara alƙaluman ba.

Shekara bakwai bayan haka, a 1851, wani likita a Luwiziyana mai suna Samuel Cartwright ya wallafa cewa ya gano wata cutar ƙwaƙwalwa da ke sa bawa ya gudu daga ubangidansa. Ya raɗa mata suna drapetomania, kuma cikin rigakafin da ya bayar har da bulala. Yau abin dariya yake ba mu, amma a mujallar likitoci aka buga shi. Mutum ya tsere wa sarƙa, wanda ke riƙe da alƙalami ya rubuta cewa ba shi da hankali. Idan muka ji ana cewa baƙaƙen fatar Amurka ba sa son zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya kamata mu tuna yadda aka fara gaisawa tsakaninsu.

A nan sai mu bambance sana'o'i biyu da mukan haɗa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, yana rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa aikinsa gwaji da sauraro da magani ta hanyar tattaunawa, kuma shi ne yawanci ke auna yaro ya ce basirarsa kaza ce. A ɓangaren farko baƙaƙen fata sun samu Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya ta Laberiya a 1872, jikan bawan da ya fanshi kansa, wanda ya je Jamus a 1904 ya yi aiki tare da Alois Alzheimer. A ɓangare na biyu sai a 1920 aka samu baƙar fata na farko mai digirin digirgir, Francis Cecil Sumner, daga Jami'ar Clark. Daga 1928 har rasuwarsa a 1954 shi ne shugaban sashen wannan ilimi a Jami'ar Howard ta baƙaƙen fata da ke Washington, kuma a nan ya koyar da wani saurayi mai suna Kenneth Clark.

Kenneth ya auri wata ɗaliba, Mamie Phipps, wadda lissafi ta shiga Howard ta karanta kafin ta sauya fanni. Daga binciken digirinta na biyu aka samu gwajin 'yar tsana da ya yi suna. Sukan ajiye wa yaro baƙar fata ɗan shekara uku zuwa bakwai 'yan tsana huɗu, iri ɗaya a komai sai launi, biyu farare biyu masu duhu. Sai su ce ya miƙo wadda yake son wasa da ita, ya miƙo mai kyau, ya miƙo mummuna, daga ƙarshe ya miƙo mai kama da shi. Cikin yara 253, mafi yawa fara suka zaɓa a matsayin mai kyau. A tambayar ƙarshe wasu yaran kuka suka fashe da shi. Lokacin da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata ranar 17 ga Mayu 1954, ta ambaci aikin Kenneth Clark a cikin hujjojinta.

Gwajin yana da rauni, kuma gaskiya a faɗe ta: yaran Arewa, waɗanda makarantunsu ba a rabe suke bisa doka ba, sun ma fi na Kudu zaɓen farar 'yar tsana, don haka bai tabbatar da cewa raba makaranta kaɗai ne sanadi ba. Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tambayar kanta. Masana farar fata sun shafe shekaru suna auna yaran baƙaƙe don su ga abin da ya rage musu. Sai da aka samu mace daga cikin gidan kafin wani ya tambaya me ƙasar take yi wa zuciyar yaron. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikinsu mafi nauyi ma ba a kotu aka yi shi ba. A 1946 suka buɗe cibiyar Northside a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan haya a unguwar Harlem ta birnin Niyok. Iyaye suka riƙa kawo yaran da makaranta ta ce daƙiƙai ne ta tura su ajin masu raunin ƙwaƙwalwa. Mamie ta sake gwada su, ta tarar da yawa lafiyarsu ƙalau. A wannan shekarar kuma, a ƙarƙashin cocin St. Philip's duk a Harlem, likita Fredric Wertham da marubuci Richard Wright da abokansu suka buɗe asibitin Lafargue. Yamma biyu a mako ake buɗewa, ma'aikatan sa-kai ne, kuɗin ganin likita kwatar dala, wanda ba shi da ita kuma a duba shi haka. Mutane suka yi ta zuwa. Ashe da ma ba ƙin magani suke yi ba, wurin zuwa ne babu.

Matsalar gwajin basira ba ta tsaya a Harlem ba. A 1968, a taron ƙungiyar masana halayya ta Amurka a San Francisco, baƙaƙen cikinsu suka ware suka kafa tasu ƙungiyar, suka kuma nemi a dakatar da yi wa yaransu irin wannan gwaji. A Kalifoniya a lokacin yara baƙaƙe kusan kashi 10 ne cikin ɗari na ɗalibai, amma kusan kashi 25 ne a azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa. 'Yan wannan sabuwar ƙungiya suka sake gwada wasu yaran da aka tura can, sakamako ya fito daban, iyaye suka shigar da ƙara. A 1979 alƙali Robert Peckham ya hana makarantun jihar amfani da gwajin wajen tura yara baƙaƙe waɗannan azuzuwa.

Manya ma ba su tsira ba. Jonathan Metzl, likitan ƙwaƙwalwa, ya bi tsofaffin fayil-fayil na asibitin Ionia a jihar Michigan, ya nuna yadda cutar sikizofireniya, wadda a da ake kallo a matsayin ciwon mutane marasa cutarwa, ta koma a shekarun 1960 da 1970 ciwon baƙin namiji mai fushi, daidai lokacin gwagwarmayar neman 'yanci. Har wasu likitoci biyu suka wallafa maƙala a 1968 suna danganta zanga-zangar baƙaƙe da wani nau'in hauka. Zuwa yau bincike bayan bincike yana nuna an fi saurin rubuta wa baƙar fata sikizofireniya, an kuma fi kasa gane ciwon damuwa a tare da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin maganin da za a ɗora mutum a kai shekara da shekaru ya dogara ne da kalmar da aka rubuta a fayil ɗinsa. Wanda ya ce yana jin ana bin sa a kanti ko ɗan sanda na tsare shi ba dalili, mai sauraronsa ne zai yanke ko ruɗu ne ko kuwa labarin ranar Talatar da ta wuce.

A watan Oktoba na 2021 ƙungiyar masana halayya ta Amurka ta fito ta nemi gafara kan rawar da ta taka wajen wariyar launin fata. Amma alƙalumanta na 2015 sun nuna kashi 4 ne kawai cikin ɗari na masu wannan sana'a baƙaƙe, a ƙasar da baƙaƙen fata suka kai kusan kashi 13. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Digirin digirgir a fannin yakan ci shekara biyar zuwa bakwai bayan digirin farko, da bashin karatu mai nauyi, kuma iyalin da ba su gaji dukiya ba ba kasafai suke iya jiran ɗansu tsawon haka ba. Ba muna cewa sai baƙi ne zai iya warkar da baƙi ba. Jarvis da Wertham farare ne. Amma a kusan kowane mataki na wannan tarihi, gyara ya zo ne lokacin da wani daga cikin waɗanda ake aunawa ya samu damar karanta sakamakon.

Abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da ke zaune a Bronx, idan suka je asibiti, gurbin baƙar fata ake cike musu, duk abin da ke cikin wannan gurbi kuma ya hau kansu. A ce matashi ya gaya wa ma'aikaci cewa an yi masa sammu, ko iska ce ta taɓa shi. Mu mun san wani lokaci wannan hanya ce ta faɗin baƙin cikin da ba shi da wani suna a gida, wani lokaci kuma alama ce ta ciwo na gaske da ke buƙatar magani da gaggawa. Wanda bai san mu ba, duka biyun gurbi ɗaya zai zuba su.

Yanzu kuma ga namu aikin ya shigo. Saboda ƙarancin masana, ana ta gina manhajojin waya da za su saurari mai damuwa ko su taya asibiti tantance wanda ya fi buƙatar kulawa, kuma daga tsofaffin fayil-fayil suke koyo. A 2019 mujallar Science ta buga binciken wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita a kan lafiyar jiki. Ta ɗauki kuɗin da aka kashe wa majinyaci a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa, alhali da ma ba a kashe wa baƙaƙe kamar yadda ake kashe wa farare. Masu binciken suka lissafa cewa da an gyara, kason baƙaƙen da za a ba ƙarin kulawa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5. Wannan kuskuren an kama shi ne saboda hawan jini da sukari suna da awo. Fayil ɗin ƙwaƙwalwa kuwa abin da ke cikinsa hukuncin wanda ya saurara ne, kuma idan muka karɓe shi a ofis, mu masu rubuta manhaja ba mu da hanyar gane wanne ne Worcester a ciki sai mun kira wanda ya san mutanen ya zauna kusa da mu.