Sandar Golf a Ƙasar Yashi

Sandar golf baƙuwa ce a wurinmu, a Kano inda na koyi gyaranta, da kuma nan unguwar Ƙurban ta Madina inda nake zaune yanzu. Daga ƙetare take zuwa. An ƙera ta ne don ciyawa mai laushi da iska mai danshi, sai ta zo ta tarar da fako da rana mai ƙuna. Aikinmu tun fil'azal shi ne mu sa ta ta jure zama a ƙasar da ba dominta aka yi ta ba, shi ya sa in mai gyara na ƙasar yashi ya ba da tarihin sana'ar, ba zai zo daidai da yadda kamfanoni ke ba da shi ba.

Masu ƙera baka ne suka fara ta a Sikotilan, don su suka san yadda itace ke lanƙwasa ya dawo. A 1502 Sarki James na Huɗu ya sayi sandunansa a hannun wani mai baka na garin Perth. Zuwa ƙarni na 19 sana'ar ta tsaya da ƙafafunta a St Andrews, a hannun irin su Hugh Philp da Robert Forgan. Ƙotar daga itacen hikori na Amurka ake yin ta, kan kuma daga baya aka koma yi da itacen fasimon, wanda ɗan uwan kanyarmu ne, dangi ɗaya suke. A lokacin mutum ɗaya ke fafe kai, ya fiƙe ƙota, ya haɗa, ya naɗe, kuma babu sanda biyu da suke fitowa iri ɗaya.

Irin waɗannan ne suka fara shigowa Arewa, a kayan Turawan kuza da suka buɗe filin Rayfield a Jos a 1913, da na ma'aikatan mulki da suka buɗe na Kaduna a 1921. Ba a daɗe ba ƙarfe ya kori hikori: hukumar golf ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta St Andrews ta bi sahu a 1929. Daga nan masana'anta ta karɓe ƙira, ta riƙa fito da jeri guda mai nauyi ɗaya. Mai ƙira a Turai ya koma mai gyara. Mu kuwa dama a nan aka same mu.

Yawancinmu da ɗaukar jaka muka fara. Kana yaro kana bin maigida rami goma sha takwas, kana ganin wace sanda ke yi masa biyayya, wace ce ke kunyata shi, da yamma kuma ka zauna gefen dattijon da ke gyara a bayan kulob kana miƙa masa zare. Filayen Arewa na wancan zamani ba su da koren dandali a bakin rami. Yashi ne ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, kafin mutum ya gangara ƙwallo sai an share masa hanya ta yi sumul. Kada a raina irin wannan fili: a kansa Peter Tupling ya buga 255 a gasar Najeriya ta 1981 a Ikoyi, adadin da ya daɗe ana ambatonsa a duniyar golf. Da na zo Saudiyya sai na tarar ba baƙon abu ba ne. Ma'aikatan Aramco a Dahran sun shekara da shekaru suna wasa a kan yashi mai mai, kowa na yawo da ɗan guntun ciyawar roba da zai ɗora ƙwallo a kai.

Yashi yana cin sanda, kuma yana cin ta ta hanyar da ke koya wa mai gyara karatu. Ɗauki sandar fitar da ƙwallo daga ramin yashi, wadda Gene Sarazen ya shahara da ita a 1932. Gindinta yana da tudu don ta zame a cikin yashi mai laushi maimakon ta nutse. A kan fako kuwa wannan tudun shi ne masifa: sandar ta daki ƙasa ta yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki, ƙwallo ta tafi kamar an harba ta. Sai mu sa zarto mu rage tudun kaɗan-kaɗan, muna gwadawa. In ka zarce, babu mai mayar maka da ƙarfen da ka goge.

Kan fasimon kuma hunturu ne abokin gabarsa. Iska ta bushe, itace ya tsuke, sukurorin farantin gindi su saki, dalmar da aka zuba a baya ta fara kaɗawa, wuya ya tsage. Sai a warware zaren wuya, a cika tsagar da gam, a sake naɗewa da zare mai kaki, layi kusa da layi, ba tare da ƙulli ya fito fili ba. Da wannan naɗin ake gane wanda ya ƙware. Mariƙin fata ma mun yi shi, kuma a nan Kano ta fi ƙarfin a yi mata gori: dukawa su yanko maka jan fatar akuya siririya, ka naɗe ta a karkace. Mariƙin roba na Golf Pride, wanda ake zurawa kawai tun 1953, shi ya kashe wannan aikin. Yanzu tef ne mai gam fuska biyu, a jiƙa shi da ɗan fetur, a tura, a daidaita kafin ya bushe. Ya fi sauƙi, ya fi riƙo in hannu ya yi gumi, ba na musu. Amma aikin minti biyar ne da kowa zai iya.

Abin da ya fi girgiza mu shi ne kan ƙarfe. TaylorMade ta fito da shi a 1979, Callaway ta biyo da Big Bertha a 1991, cikin 'yan shekaru kan itace ya zama kayan ado. Rabin abin da muka koya ya tafi da shi. Sai ƙotar girafait, wadda ba ta son murɗa: dole ka ɗumama wuya har gam ya saki, ka ja kai a miƙe. Masu ƙarfin hannu da suka saba da ƙarfe sun lalata da yawa kafin su yarda.

Abin da ya rage, kuma shi ne gishirin sana'ar, shi ne daidaita sanda da mai ita. Kamfanin Ping na Karsten Solheim ya mayar da wannan aiki ya zama tsari a 1972, da ɗigon launi a kan kowace sanda mai nuna kusurwar zamanta a ƙasa. Dalilin a bayyane yake. In dunduniyar sanda ce ke fara taɓa ƙasa, ƙwallon mai bugu da hannun dama za ta karkata hagu. In ƙarshen bakinta ne, ta yi dama. A Turai sai an manna tef a gindin sanda an buga a kan allo kafin a ga inda take gogawa. Mu yashi ya riga ya yi mana wannan aikin. Ka juya tsohuwar sandar mutum ka duba inda ta cinye, ka san tsayinsa, ka san yadda yake tsayawa, wani lokaci har ka san yana da ciwon baya. Sai a sa ta a matsi a lanƙwasa wuya digiri ɗaya ko biyu. Ƙarfen da aka ƙera da duka yana yarda, wanda aka zuba a zubi kuwa yana iya karyewa a hannunka.

Wannan ilimi ya fi amfani a wurinmu fiye da ko'ina, domin yawancin sandunan da ke hannun mutanenmu gwanjo ne, an yanka su don wani dogo a wata ƙasa. Mai saye ya kai wa mai walda ya datse masa inci guda, ya dawo yana cewa sanda ta mutu. Ba mutuwa ta yi ba, nauyin kai ne ya ɓace masa a hannu. Rabin inci yana rage kusan maki uku a ma'aunin lilo, kuma kowane maki sai an mayar da kimanin giram biyu a kai, da tef ɗin dalma.

Madina ba garin golf ba ce. Ƙurban unguwa ce ta kudu da Harami, ta wajen Ƙuba, mutanenta da dabino da hidimar baƙi aka san su. Amma tun da jirgin ƙasa na Haramaini ya fara aiki a 2018, filin Royal Greens da ke Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi ya matso kusa, kuma a can aka yi gasar Saudiyya ta farko a 2019, wadda Dustin Johnson ya lashe. Sai ga gasar LIV a 2022 da kuɗin asusun zuba jarin ƙasar. Ciyawa ta zo, na'urori sun zo. TrackMan, wadda aka ƙirƙiro a Denmak a 2003, tana gaya maka gudun kai da juyin ƙwallo da kusurwar tashinta, kuma gaskiya take faɗa. Ƙorafina ɗaya ne: a ɗaki mai sanyi ake awon, a kan tabarmar roba mai yafiya, alhali mutumin zai je ya buga ne a ƙasar da ba ta yafewa.

Abin da ake kawo mini yanzu yawanci aikin zafi ne. Mutum ya bar jaka a but ɗin mota a watan Yuli, mariƙi ya ƙeƙashe ya yi santsi, zoben wuya ya zame, wani lokaci kai ya fara juyawa in gam ɗin dama mai arha ne. Sai kuma sandunan zamani masu sukuru a wuya, waɗanda doka ta buɗe wa ƙofa a 2008, da mai su ke iya sauya kusurwa da kansa. Samari suna murɗa su duk ranar da wasa ya ƙi, har su manta inda suka faro. In sun zo, nakan mayar da sukurun inda masana'anta ta sa shi, in karɓi tsohuwar sandarsu ta lamba bakwai in juya gindinta, sa'an nan mu fara magana.