Ruwa ya ƙare wa ɗan kada

Daga Kabo har Gwarzo, idan dabarar mutum ta ƙare, za ka ji dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ai ruwa ya ƙare wa ɗan kada." Yaran da ke gefensa sun gane nufinsa sarai, amma in akwai wanda ya taɓa ganin kada a cikinsu, galibi a gidan namun daji na Audu Bako ne, cikin Kano, kwance a kududdufin siminti. Wannan yana damuna, domin karin magana ba daga sama take faɗowa ba. Wanda ya fara yin ta ya tsaya bakin gurbi da rani, ya ga ruwa yana ja, ya ga halin da mai gidan ya shiga.

Yammacin Kano ƙasar rafuka ce masu cika da damina su koma rairayi da rani, suna kwarara zuwa kogin Challawa. Kadan irin wannan ƙasa ya saba da fari: yakan haƙa rami a gaɓa ya laɓe har ruwa ya sauka. A 2011 binciken da Evon Hekkala ta jagoranta ya nuna cewa kadan Afirka ta Yamma jinsinsa daban da babban kadan kogin Nilu, bai kai shi girma ba, bai kai shi faɗa ba. Gawarwakin kadojin da Misirawan dā suka naɗe saboda abin bautarsu Sobek, waɗanda aka gwada a binciken, irin namu ne.

Sanyin halin nan ne, a ganina, ya sa aka iya zama da shi. A Paga ta arewacin Gana da Bazule ta Burkina Faso mutane na shafa bayansa, kashe shi kuma abin ƙi ne. Zuru na da kurmin Girmace, Wukari na da tafkinta na kadoji. A Argungu kuwa, ba a faɗa wa kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Birnin da Gwamna Lugga ya zaɓa, aka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917, sunansa ma jam'in kada ne: Kaduna.

Wajen magani ne tsoro da buƙata suka haɗu. Masu maganin gargajiya a sassan Afirka na neman kitsensa don ƙuna da ciwon fata, haƙorinsa kuma a ɗinke cikin laya. Maɗaciyarsa aka fi tsoro, ana cewa guba ce nan take. A Janairun 2015 mutum 75 suka mutu a Chitima ta Mozambik bayan shan giyar gargajiya a wurin makoki, aka ce maɗaciyar kada aka zuba. Da aka auna, sai ga shi ƙwayar cuta ce ta ɓata garin masarar da aka dafa giyar da shi. An yi wa kada sharri.

Fatarsa ce ta fi jawo masa. Turai na son jaka da takalmi, mafarauta suka bi gurabe, majema da dukawa suka samu aiki. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta sa shi cikin namun da ake karewa, amma ta tarar da ɓarna ta yi nisa, ga farin 1973 ya riga ya ƙafar da fadamu. Madatsar Challawa da aka kammala a Ƙaraye a 1992 ta tara ruwa mai yawa, sai dai noman rani da shan birni aka nufa da ita.

Can arewa, a Gadufawa ta hamadar Tenere cikin Nijar, Paul Sereno ya tono ƙasusuwan wani tsohon dangin kada a 1997 da 2000. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Masana sun ƙiyasta ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce, a manyan koguna. Yau wurin rairayi ne iya ganinka, sai iska da sawun raƙuma.