Tsada da Araha a Tarihin Lambar Yabo ta 'Yan Wasan Dandamali

Abin da ya jawo rubuta wannan takarda shi ne wata gasar wasan kwaikwayo ta makarantun sakandare da aka gayyace ni in yi alƙalanci a cikinta. Mu uku muka zauna tun hantsi har la'asar, muka fid da na ɗaya da na biyu da na uku. Da muka miƙa sakamako sai masu shirya gasar suka ja mu gefe, suka ce kofunan da aka saya sun fi uku, kuma ba a son wata makaranta ta koma hannu rabbana. A ranar har yaron da ya fi kowa iya tafiyar tsoho sai da ya sami kofi. Galibin masu kukan cewa lambar yabo ta yi araha a wannan zamani suna ɗora laifin a kan yawanta ne. Ni kuwa abin da na gani cikin tarihi shi ne, darajar lamba tana rataye ne a kan abu biyu: ko gwani yana iya shiga gasa ya fita ba tare da ita ba, da kuma ko alƙali yana da ikon hanawa.

Gasar wasan kwaikwayo mafi daɗewa da labarinta ya iso gare mu ita ce ta birnin Atina a ƙasar Girka, wadda ake yi kowace shekara a bikin Diyonisas, tun wajen shekara ta 534 kafin Miladiyya. Marubuta uku kawai hukuma take zaɓa su kara a fannin wasan ban-tausayi, kowanne a haɗa shi da wani attajiri wanda zai ɗauki nauyin 'yan amshi da tufafinsu. Lambar ɗan wasa shi kansa ba ta zo ba sai wajen shekara ta 449 kafin Miladiyya. Abin da ake ba wanda ya ci kuwa kambin ganye ne, wanda kwana kaɗan zai bushe. Amma a dubi irin wahalar da suka ɗora wa kansu wajen zaɓen alƙalai. Ana rubuta sunayen mutane daga ƙabilu goma na birnin, a zuba cikin tuluna, a liƙe, a ajiye a hannun hukuma. Sai ranar wasa ake buɗewa a gaban jama'a, a zaro suna ɗaya daga kowane tulu, watau alƙalai goma ke nan, su yi rantsuwa. Attajirin da ke son ya saye alƙali bai san ƙofar wanda zai ƙwanƙwasa ba.

To, me wannan tsari ya haifar? Yurifidis ya rubuta wasanni kusan 90, amma sau huɗu kacal ya zo na ɗaya a rayuwarsa. Wasansa Midiya, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya, na uku ya zo a shekara ta 431 kafin Miladiyya, watau na ƙarshe. Sofokilis ma da wasansa na Sarki Idifas na biyu ya zo, wani Filokilis ya kayar da shi, mutumin da ba wasansa ko ɗaya da ya saura cikakke a yau. Ana iya cewa alƙalan sun yi kuskure, kuma ni ma haka nake gani. Sai dai kuskuren nasu shaida ne cewa suna ba ya cin gasa a Atina.

Bayan ƙarni biyar sai Sarkin Rum Nero ya shiga Girka, tsakanin shekara ta 66 da ta 67 Miladiyya, da niyyar ya nuna shi ma mawaƙi ne kuma ɗan wasa. Ya sa aka karkato da manyan bukukuwan ƙasar suka faɗo cikin lokacin ziyararsa, aka kuma ƙara gasar waƙa a bikin Olimfiya, inda ba a saba yinta ba. Yana da samari kimanin 5,000 waɗanda aikinsu tafi. Idan ya hau dandamali ba a barin kowa ya fita, har marubucin tarihi Suwetoniyas ya ruwaito cewa wasu sukan yi mutuwar ƙarya domin a ɗauke su a fitar. A tseren keken doki ya faɗo ƙasa bai kai ƙarshe ba, amma shi aka ba kambi. Marubucin tarihi Diyo Kasiyas ya ce kambi 1,808 ya koma da su Rum, alƙalan kuma aka sallame su da kuɗi mai yawa. Abin mamaki, an ce yakan tsaya gaban alƙalan nan cikin fargaba yana yi musu ladabi, kamar da gaske ana iya kayar da shi. Ya mutu a shekara ta 68, mutanen Olimfiya kuma suka ƙi sa wannan biki cikin jerin bukukuwansu da suke rubutawa. Sunayen bukukuwan ba su canza ba, kambin ma shi ne dai na da. Alƙalin ne ya rasa bakin cewa a'a.

Ba zan tsaya a kan ƙarnonin da suka biyo baya a Turai ba, domin a lokacin ɗan wasa mutunci yake nema tukuna. Dokar Ingila ta 1572 ta sa ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin sahun 'yan yawon banza, kuma sai a 1895 aka fara ba wani ɗan wasa, Henry Irving, muƙamin Sa.

Yawaitar lambobi abu ne na ƙarni na ashirin. A Amurka an fara ba da lambar Tony a 1947 ga wasannin unguwar Broadway ta birnin Niyu Yok, a Ingila kuma aka fara wadda yanzu ake kira Olivier a 1976. Gaskiya ne rukunoni sun ƙaru. Tony tana da lamba takwas ta 'yan wasa kaɗai, domin an raba maza da mata, da jagoran wasa da mai taimaka masa, da wasan magana da wasan waƙa da rawa. Amma abin da ya faru a wasu shekaru biyu ya fi wannan lissafi ban haske. A 1985 kwamitin zaɓe ya duba wasannin waƙa na shekarar, bai ga wanda ya isa ba, sai aka soke lambar jagoran wasa ta maza da ta mata duka a wannan fanni. A 2020 kuwa annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa ranar 12 ga Maris, wasannin waƙa huɗu kawai suka cancanci shiga. Mutum ɗaya, Aaron Tveit, aka tsayar a rukunin jagoran maza. Masu suka suka ce ai an gama, wannan kyauta ce aka miƙa a faranti. Duk da haka akwai wani da ya cika sharuɗɗan takara kwamitin ya ƙi tsayar da shi don cike gurbi kawai, shi kuma Tveit aka ce sai kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a sun amince. Ya samu, aka ba shi a watan Satumba na 2021. A ganina nasara ce mai sauƙi, amma ba irin ta Nero ba ce, tun da an bar ƙofar hanawa a buɗe. Hukuncin 1985 dai ya fi ƙarfin hali.

Akwai wata hanyar tsare daraja, watau a mai da lambar kujera guda. A ƙasashen da ke magana da Jamusanci akwai zoben Iffland, wanda mai riƙe da shi yake barin wasiyyar wanda zai gaje shi. Josef Meinrad ya riƙe daga 1959 zuwa 1996, Bruno Ganz daga nan zuwa 2019, sa'an nan Jens Harzer. Mutum uku ke nan cikin shekara sittin da ɗoriya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin haka sarautar makaɗan fada take a ƙasar Hausa. Sarkin Taushi ko Sarkin Kiɗa ɗaya ne a fada, ba a naɗa wani sai kujerar ta zama babu kowa, kuma wanda za a naɗa ya daɗe yana amshi a bayan wani. Lambobin boko ma da suka shigo ba su zo da garaje ba. Alhaji Mamman Shata ya shafe fiye da shekara arba'in yana waƙa kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. Shi ya sa har yau in an ce Dokta Shata ba mai yin murmushi.

Abin da ya canza a wajenmu shi ne mai biyan kuɗi. A Atina attajiri yana ɗaukar nauyin wasa, amma hannunsa ba ya kai wa tulun alƙalai. A yawancin bukukuwan karramawa da nake gani yanzu ba a faɗin sunan alƙali, ba a faɗin ma'aunin da aka bi, kuma ba a jin sunan wanda ya yi takara ya faɗi. Wani tsohon ɗalibina mai wasan barkwanci ya taɓa nuna mini takardar da aka aiko masa, ana taya shi murnar zama gwarzon shekara. A ƙasanta an rubuta kuɗin tebur da zai biya shi da baƙinsa, da lambar asusun banki, da ranar da za a rufe karɓa.